Dillalin da Ya Iya Gaisuwa

Malam Abdulhamid na Gashuwa ya sayar da shinkafarsa don ya sayi injin ban-ruwa. Gwiwarsa ta lalace, ba zai iya ƙara noman rani da guga ba. Kuɗin bai kai ba. A majalisa aka ce masa akwai kasuwa a cikin waya, ana sayen dala da zinariya ana sayarwa, mutum yana zaune a inuwa. Dillali kawai ake buƙata. Aka tura masa sunan kamfani biyu.

Dillalai kuwa ya san su. Ya daɗe yana kai awaki kasuwar Jajimaji.

Ya hau mota zuwa Nguru wurin Chinedu mai sayar da injuna, ya roƙe shi ya ajiye masa ɗaya. Da yake Chinedu yana karanta Turanci, sai ya miƙa masa wayar.

Chinedu ya duba na farko. Ya ce, "Baba, wannan yana da rajista da hukuma. Ga lambar lasisinsa, na bincika, tana nan. Suna son katinka na ɗan ƙasa. Sun kuma rubuta cewa yawancin masu shiga harkar nan asara suke yi."

"Asara? Tun ban shiga ba zai yi mini mugun baki? Ko gaishe ni bai yi ba."

"Gaskiya ya gaya maka."

"Rufe shi."

Na biyun murya ya turo. Wani yaro ne mai suna Abdussalam. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi jiki. Da Malam ya ce gwiwa ce ke damunsa, har addu'a ya yi masa. Sannan ya ce riba tabbas ce, wata ɗaya kuɗi ya ninka.

Malam ya gyara hula. "Ka ji ɗan mutane."

Chinedu ya ce, "Ina ofishinsa? Wa ya ba shi lasisi? In dole ne, sa kaɗan, gobe ka ce a dawo maka da shi, ka ga ko zai fito."

"In ba mutum amana yau, gobe in ce ya dawo da ita? Ba haka aka rene ni ba."

Ya tura duka.

Kowace Juma'a gaisuwa tana zuwa. Lambobi suna ta hawa a wayar, kore shar. Malam ya riƙa nuna su a majalisa, ya nuna wa matarsa Rahima. Ta dube su ta ce, "Malam, a cikin wayar za ka tayar da injin?" Ya ce mata ba ta san kasuwa ba.

Ruwa ya janye daga fadama, maƙwabta suka fara dashe. Malam ya nemi kuɗinsa. Abdussalam ya gaishe shi da kyau, ya ce sai an biya kuɗin cirewa. Malam ya sayar da akuya ya biya. Sai aka ce saura haraji.

Ya koma Nguru ya nemi a ƙara masa lokaci kan injin. Chinedu ya ce, "Na jira har na gaji, Baba. Wani mutumin Dapchi ya ɗauka jiya." Ya ba shi ruwa ya sha.

Ran Juma'a da hantsi Malam yana bakin kogi da guga, yana ɗingishi tsakanin kunyoyin gonarsa, sai wayar ta yi ƙara. Rahima, da ta kawo masa kunu, ta tsaya tana kallo. Ya buɗe saƙon, muryar Abdussalam ce.

"Barka da Juma'a, Baba. Yaya gwiwar?"

Rahima ta ce, "Kar ka amsa."

Malam ya ajiye gugan. Mutum ya gaishe ka, ka yi shiru? Ya share hannu a riga, ya danna wayar.

"Da sauƙi," ya ce.