Langar Inna a Filin Jirgi

A shekarar da kamfanonin Turawa biyu suka haɗa hannu a filin jirgin Jidda, yayyena biyu duk tuƙi suke yi a can. Yaya Salihu yana kamfanin jiragen yaƙi, mai tambarin shaho. Yaya Mahmudu yana wurin masu na'urar hango jirgi, mai tambarin tauraro. Rumfa ɗaya suke aiki, amma kowane kamfani yana neman kwangila ta gaba shi kaɗai. Manyansu na shan gahawa tare, direbobi kuwa an hana su ko gaisawa.

Daga Sudan muka zo. Masu shaho ne kafilin Yaya Salihu, wato su suka tsaya masa yake zaune a ƙasar, iƙamata, takardar izinin zama, da ta Inna kuma a ƙarƙashin tasa suke.

Da lokacin yanke kwangilar ya matso, Yaya Salihu ya daina kwana a gida, sai a wurin aiki. Ran nan Inna ta tuƙa tuwo da miyar kuɓewa, ta zuba a langa, ta ɗaure da ƙyalle tamau, don ba ta yarda idon hanya ya ga abinci.

"Mahmudu, ungo, ka miƙa wa wanka."

"Inna, an hana fa."

"An hana shi cin tuwon uwarsa? Da tuwo jirgin nasu yake tashi? Yalla, kafin ya huce."

Ya karɓa. A bakin rumfa, daga cikin mota mai tauraro, ya miƙa ƙunshin. Yaya Salihu ya ci, ya wanke langar. A gidanmu ba a mayar da kwano fanko, saboda haka ya sa gwangwanin biskit daga kantin kamfani, ya ɗaure kamar yadda aka kawo, ya miƙa wa ƙaninsa da yamma. Daga baya ya ce mana ya ga wani Bature a tagar bene yana kallo.

Masu tauraro suka ci kwangilar, da kyar.

Bayan Juma'a, Malam Na'ibi, akawun masu shaho, ya yi sallama a gidanmu a unguwar Waziriyya. Ina bayan labule. Aka kawo masa shayi, bai taɓa ba.

"Salihu, me ke cikin ƙunshin nan da ya fita?"

"Biskit, wallahi."

"Na yarda. Su kuwa sun ce an ga ƙunshi ya shiga, an ga ƙunshi ya fita, ga kuma kwangila ta tafi."

Inna ta leƙo. "Malam, ni na aike shi. Kai ni in faɗa musu."

Malam Na'ibi ya sunkuyar da kai.

"Hajiya Dela, halas, an gama. Fasfo aka ce in karɓo, a buga muku bizar fita." Ya dubi labulen da nake ciki. "Guda uku."