Girar da Yaya Ta Zana

Tun da maganin asibiti ya zubar wa Mama da gashi ta daina shiri da madubi, fita ma sai dole. Saboda haka ranar da ta yarda ta zo shagon Auta, 'yarta mai gyaran gashi, sai da ta kafa sharaɗi: a juya mata kujera ta ba madubi baya. Auta ta juya kujerar da rawar jiki. Ai ko cewa aka yi ta fitar da madubin bakin titi, da ta fitar.

Aka ɗora wa Mama hular gashin, baƙa wuluk, gabanta ya zubo har haɓa kamar labule. Ita ke nan guda ɗaya, an sha jira kafin ta iso. A baya Auta ta yanka wa mata masu zuwa shago gashin goshi ba adadi, tana yi tana hira tana taunar cingam, don ko ta zarce, gashi ne, zai tsiro. Wannan kuwa ba ya tsirowa. In ta ɓata shi, Mama za ta cire ta ninke, ta ce ba komai, ta koma ɗaki ta ja ƙofa. Tsoro ya kama Auta.

"Ke, yi mana," in ji Yaya, babbar 'yar Mama, wadda ta zo rakiya ta baje a kujerar wankin kai. "Kin bar mana uwa a bayan labule."

"Ku bar ni," in ji murya daga cikin gashin. "Nan ya fi gidanki shiru."

Auta ta ɗauki mataji ta ja tsaga biyu daga tsakiyar kai, ɗaya zuwa wutsiyar idon dama, ɗaya zuwa ta hagu, ta tufke sauran a baya. Ba ta fesa ruwa ba, ta saba yanka gashin goshi a bushe. Ta buɗe labulen don ta ga inda almakashi zai tsaya, sai ita ta tsaya cak. Duk wadda ta taɓa yanka wa gashin goshi, da gira take aunawa. Mama kuwa ba gira, sun tafi tare da gashin.

"Mene ne?" in ji Mama.

"Mama... girar ce."

Auta ta ji kamar ta nutse a ƙasa.

"Au," in ji Mama. "Su ma sun yi tafiya. Ko sallama ba su yi min ba."

Yaya ta tuntsire da dariya, ta zazzage jakarta a kan tebur, ga caja, ga makullai, ga jagira. "Abu mai sauƙi! Ni in zana, ke ki bi."

To, Yaya dai tun da aka haife ta ba ta taɓa jan layi ya miƙe ba. Ga jagirar kuma tana yi wa Mama cakulkuli, tana ɗaga goshi tana saukewa. Da Yaya ta ja da baya, girar dama ta haye can sama, ta hagu ta sauko kan ido.

"Yaya, don Allah mene ne wannan?" in ji Auta.

"Ta dama tana mamaki, ta hagu tana fushi. Ai haka Mama take."

Mama ba ta ga komai ba, amma ta fi kowa dariya, hular tana ta karkarwa a kanta. Rabon Auta da jin wannan dariyar har ta manta. Ta ajiye almakashi ta durƙusa ta riƙe ciki, hawaye na zuba.

Da ta samu ta miƙe, ta gyara zaman hular, ta ɗora babban yatsa a goshin Mama tana lalube. Ƙashin girar yana nan inda yake. Ta riƙe gashin tsakanin yatsu biyu sako-sako, ba ja, ta sauka ƙasa da ƙashin kaɗan, ta ɗaga bakin almakashi sama tana tsinka kaɗan-kaɗan. Ta fara daga tsakiya, ta bar gefuna suna ƙara tsawo wajen kunci.

"Mama, kar ki ɗaga goshi. Yaya, ki rufe baki ko ki fita."

Yaya ta cusa tawul a baki, abin ya ƙara muni.

Aka gama. Gashin ya kwanta luf a goshi, ya rufe girar mamaki, ta fushi kuwa tana leƙowa ta ƙasa. Yaya ta kalla ta sulale daga kujera.

"Wai me kuke gani ne ku kaɗai?" in ji Mama.

"Wallahi ba ya faɗuwa, Mama," in ji Yaya daga ƙasa.

Mama ta yi tsaki, ta sa ƙafa ta tura, kujera ta juya.

Dariyar Auta ta ɗauke. Mama ta daɗe tana kallon matar da ke cikin madubi. Ta kai hannu ta taɓa gashin, ta karkata kai dama, ta karkata hagu.

"Ke da kika yanka, Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Ke kuma da kika zana, Allah ya shirye ki. Ba ni jagirar nan."

Ta lashi yatsa ta goge aikin Yaya tas, ta ɗage gashin da hannu ɗaya, ta matsa har numfashinta yana taɓa madubin. Auta da Yaya suka matso kusa da ita suna leƙe.

"Ku matsa mana," in ji Mama. "Kun tare min haske."