Agogon Samiratu a Hannun Mai Nono

Tun da Hairat ta sayo wa uwarta agogon da ke auna bugun zuciya, ban sake jin daɗin zaman ƙofar gida ba. Uwar ita ce Samiratu, maƙwabciyata a Lamashegu. Ni da ita duk hawan jini ke damunmu, amma ita kaɗai ke da 'yar da ta damu da ita. Nawa ɗan yana Kumasi, sai da salla yake kira.

Duk Lahadi Hairat takan jona agogon da kwamfuta, ta zuba masa tafiyar mako: Litinin minti ashirin a hankali, Laraba da ɗan sauri. Sai Samiratu ta miƙo min hannu, wai, "Yaya Zakiya, ji yadda yake ƙara in lokacin tafiya ya yi."

Ni kuwa na ga abin da take yi. Da safe takan ɗaura wa Sala mai nono agogon, Sala ta zagaya unguwa da shi, ita tana zaune tana shan koko.

Ran Lahadi na leƙa, na tarar Hairat tana yabon zuciyar uwarta a kwamfuta. Na ce, "Ɗiyata, wannan zuciyar ta Sala ce, ita za ki yaba."

Na zaci za a ƙwace agogon. Ashe yanzu kullum da safe Hairat za ta riƙa zuwa da kanta, ta riƙe hannun uwarta su yi tafiyar tare. Ta ƙofata suke wucewa, har su gaishe ni.