Jajen Motar Da Ba Ta Faɗi Ba

Da hantsi ne, ranar wata Asabar cikin damina. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, rana kuma ta ƙi fitowa. Malam Simeon ya sauka daga keke napep a bakin layin Alhaji Maishanu, nan Turaki B, jakar takardu a hammata, yana zaɓar inda zai taka saboda taɓo.

Simeon malamin lesin ne. Lissafin kasuwanci yake koyarwa, da ɗan darasin tattalin arziki, ga masu shirin jarrabawar akanta. Ɗalibansa ba yara ba ne: akwai masu sana'ar POS, akwai wata mai tsaron kemis, akwai wani magidanci da ya daɗe a ofis ba a ƙara masa girma ba. Ajin kuwa tsohon sito ne a jikin gidan Alhaji. Alhaji ya ba shi kyauta, don 'yarsa Zakiyya tana cikin masu karatun. Ranar da zai miƙa masa makulli abu ɗaya ya ce: kada a jawo masa magana. Simeon ba shi da wani wurin, kuɗin haya a Jalingo kuma ba na mai lesin ba ne. Ga jarrabawa ta matso.

Yana shan kwana ya ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutane zazzaune, kowa ya sunkuyar da kai. Wasu sun raɓe a jikin tsohuwar motar Alhaji ta ɗaukar shinkafa, wadda tun bara take nan a kan duwatsu, babu taya ko ɗaya. Ya ɗauka rasuwa aka yi. Ya durƙusa ya gaida kowa, ya zauna a gefe.

Alhaji yana tsakiya da carbi. Wani dattijon Bafulatani mai suna Manga, da ya taso tun daga Sunkani, ya ajiye ƙwaryar man shanu a gabansa.

"Alhaji, ashe abin da ya faru ke nan."

"Wallahi kuwa."

"Alla hokku munyal. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin, amin."

"Allah ya mayar da alheri."

"Amin. Na gode."

Haka kowa ya yi. Mai zuwa jaje ba ya ambaton abin da ya faru, don kada ya fama wa mutum ciwo. Wanda aka zo wa jaje kuma ba ya cewa jajen me, don rashin ladabi ne. Ya ce amin, a yi shiru, wani ya shigo.

Da aka ɗan sami sarari Alhaji ya matso kusa da Simeon ya yi ƙasa da murya.

"Ticha, ka ga ikon Allah? Ragon nan nawa da ya ci leda ya mutu ranar Talata. Rago ne mai hankali, ban musa ba. Amma ban san ya yi jama'a haka ba. Har daga garin Mutum Biyu an bugo waya."

Simeon ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Alhaji."

"Amin."

Can sai ya hango Zakiyya daga bakin zaure tana yafito shi. Ya tashi ya je. Ba ta gaishe shi yadda ta saba ba. Wani ɓarin takarda ta miƙa masa, mai ya jiƙa shi har ana ganin yatsa ta baya, yana ƙamshin ƙosai da yaji.

"Malam, ka gane wannan?"

Ya gane. Tambaya ta huɗu ce a takardar gwajin da ya ba su makon jiya.

Abin da ya faru shi ne, tambayoyin da ke cikin littafin da Simeon yake amfani da shi duk sunayen wasu ƙasashe ne, da kamfanoni masu sayar da kayan da ba wanda ya taɓa gani. Da ya fara karantawa sai aji ya kama hamma. Shi ne ya yi dabara ya riƙa rubuta nasa da sunayen mutanen unguwa. Ranar da ya sa Alhaji Maishanu da buhunan shinkafa, har magidancin nan mai gyangyaɗi ya farka yana gardama a kan farashin buhu. Simeon ya koma gida yana jin daɗin kansa.

Zakiyya ta ce, "Keziah 'yar ajinmu ce ta ba mamarta, Mama Dinatu, tsofaffin takardunta. Mama Dinatu kuma tana naɗe ƙosai da su. Ka san raba su biyu take yi."

Simeon ya juya ɓarin. Rabin sama ne. Labarin yana nan cif, da sunan Alhaji da unguwarsa, an buga da kwamfuta. Inda aka ce ɗalibi ya lissafa kaza da kaza yana rabin ƙasa, wa ya san cikin ƙosan wa ya tafi.

"Wa ya karanta?"

"Auwal mai keke. Shi da ya yi sakandare. Ya fassara wa fasinjoji tun daga nan har babbar kasuwa."

"Alhaji ya sani?"

"Shi jajen rago yake karɓa."

Simeon ya tsaya yana kallon ƙofar ajinsa. Ya yi tunanin ya shiga ya fara darasi kamar ba komai. Ya yi tunanin ya koma gida ya ce zazzaɓi. Yana cikin haka Liman ya iso, da lema a hannu, fuska ba walwala.

Liman bai yi jaje irin na kowa ba. Ya zauna, ya ce a ɗan ba su wuri. Mutane suka ja baya kaɗan, daidai inda za su ji.

"Alhaji, asara daga Allah take, wannan ba abin magana ba ne. Amma shekara nawa kana sahun gaba a bayana? Ka rasa wanda za ka gaya wa, sai banki?"

Carbin Alhaji ya tsaya.

"Allah gafarta Malam, wane banki?"

"Wanda ka karɓi bashi da ruwa."

"A kan rago?"

"Wane rago?"

Manga ya dubi ƙwaryarsa.

Simeon ya ga ba makawa. Ya matso, ya durƙusa, ya ce shi ne. Alhaji ya karɓi ɓarin takardar, ya riƙe shi nesa da babbar rigarsa saboda mai, ya mayar masa.

"Karanta. Da Hausa."

Simeon ya gyara murya. "Alhaji Maishanu ɗan kasuwa ne a Turaki B. Bayan an cire tallafin man fetur kuɗin mota ya tashi, sai ya karɓi bashi a banki da ruwa kashi ashirin da biyar cikin ɗari. Ya sayo shinkafa buhu ɗari uku a Mutum Biyu. A hanya motarsa ta faɗi, rabin kayan ya jiƙe."

"Sai me?"

"Nan ya yage, Alhaji. Misali ne kawai. Don su koyi yadda ake fitar da asara."

Alhaji ya juya ya dubi motarsa. Mutanen da ke jingine da ita su ma suka juya suka dube ta.

"Ku da kuke zaune a jikinta tun safe, wace ce ta faɗi?"

Wani ya ce, "Mun ɗauka akwai wata."

"Buhu ɗari uku," in ji Alhaji. "Ni da ban taɓa haɗa ɗari ba. Ticha, ka ba ni dukiyar da ban da ita, ka kayar da ita a hanya, sannan ka kai ni banki. Duk a takarda ɗaya. Me na yi maka?"

"Ba komai, Alhaji. Sunanka ne ya fi shiga kansu."

"Me na ce maka ranar da na ba ka makulli?"

Simeon ya laluba aljihu ya fiddo makullin, ya ajiye a kan tabarma. Alhaji ya ɗauka ya jefa a aljihun gaba. Daga cikin zaure aka ji Zakiyya ta ce "Baba," aka ji kuma uwarta ta ce mata ta yi shiru.

Simeon bai tashi ba. Yana tunanin ɗalibansa, da inda zai ce su haɗu ranar Litinin, ya rasa. Can ya ce, "Alhaji, in ka yarda zan gyara. In rubuta sabuwar tambaya. A ciki ka ci riba mai yawa, ka sayi mota biyu sababbi. In kai wa Mama Dinatu ta naɗe ƙosai da shi. Kafin jibi gari ya ji."

Alhaji ya dube shi. Ya ja carbi sau biyu.

"Riba mai yawa."

"Yadda kake so."

"Gari ya ji."

"Har Mutum Biyu."

Alhaji ya dubi sama. Sai yanzu wasu abubuwa suka fara zama masa daidai. Ƙanin matarsa da ba ya fashin zuwa duk Juma'a da sabuwar matsala, jiya bai zo ba, sai ma ya aiko da zabo. Masu neman gudummawar gyaran kwata sun wuce ƙofarsa suna sunkuyar da kai. Wayarsa, in ba jaje ba, ba ta yi ƙara ba.

"A'a," in ji shi. "Kada ka ba ni riba. Motar nan a bar ta inda ta faɗi."

Liman ya ce, "Alhaji, ƙarya ce fa."

"Allah gafarta Malam, ni ban faɗa ba. Amin kawai na ce."

"To duk wanda ya tambaya a gaya masa gaskiya."

"Na yarda. Duk wanda ya tambaya." Ya dubi jama'a. Ba wanda ya yi kama da mai tambaya. "Amma bankin nan a fitar da ni. Kai za ka faɗa a masallaci bayan azahar, cewa aikin makaranta ne. Ticha kuma ya je ya kwaso sauran takardun a wurin mai ƙosai."

"Yanzu zan je," in ji Simeon.

"Tsaya." Alhaji ya ɗan karkata wajen zaure, ba tare da ya ɗaga murya sosai ba. "Ita waccan mai cewa Baba, ta ci tambayar?"

"Ta ci, Alhaji. Su biyu ne kawai suka ci."

"Ita ta zauna ta lissafa asarar ubanta."

"Ba kuskure ko ɗaya."

"Ba ta ji komai ba?"

"Ta ce kuɗin lodi da na sa ya yi kaɗan."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ai kuwa ya tashi." Sannan ya sa hannu a aljihu ya fiddo makullin, ya ajiye a kan tabarma, bai miƙa ba.

"Zuwa jarrabawa. Bayan nan ma gani. Kuma daga yau kada in ƙara jin sunan ɗan unguwar nan a takardarka. Ka sa sunan da ba na kowa ba."

"Haka yake a littafin, Alhaji. Sunayen wasu ƙasashe."

"To ashe masu littafin ma an taɓa zuwa musu jaje."

Simeon ya ɗauki makullin da hannu biyu. Mutane suka fara miƙewa ɗaya-ɗaya, suna kakkaɓe riga, kowa yana cewa dama shi ya yi mamaki. Manga ne kaɗai bai motsa ba. Ya dubi ƙwarya, ya dubi Alhaji.

"Alhaji, to man shanun fa?"

"Ai ragon ya mutu da gaske."

Manga ya yi tunani, ya ga haka ne. "Allah ya mayar da alheri."

"Amin."

Simeon ya tafi wurin Mama Dinatu. Ta ce sai dai ya kawo mata wasu takardun a madadi, don ba za ta zuba wa mutane ƙosai a tafin hannu ba. Ya ba ta tsofaffin jaridun da ke jakarsa, bayan ya duba babu sunan wanda ya sani. Ta ƙirga masa ragowar, duk rabi-rabi. A ciki ya tsinci wata tambaya da ya manta ya rubuta, inda mai kemis ɗin layin ya sayar da shagonsa. Ya ninke ta ƙanana ya tura can ƙasan jaka.

Kafin ya dawo hadari ya sake haɗowa. An naɗe tabarmi, Alhaji da Liman sun shige zaure suna magana. Ɗalibai biyu sun riga sun iso suna jiran a buɗe aji. Yayyafi ya fara sauka. Simeon zai wuce sai ya ga takalman Alhaji na fata a waje, ruwa yana ɗiga a kansu. Ya sunkuya ya ɗauke su, ya goge da gefen hannun rigarsa, ya ajiye su daga ciki inda indararo ba ya kaiwa, ya je ya buɗe aji.

Da aka kira azahar Alhaji ya fito, ya zura ƙafa a takalmansa, ya shiga ƙarƙashin lemar Liman, suka tafi.