Shafukan Da Suka Rage Wa Malam Badaru

Keke Napep ɗin ya maƙale tsakanin tirela biyu a hanyar Magama, gaba ba dama baya ba dama, ga kan Malam Badaru a cinyar Abbas sai ƙara nauyi yake yi. Ranar kasuwar Jibiya ce. Manyan motocin da ke jiran tsallakawa Nijar sun cinye rabin titi, sauran rabin kuma 'yan acaɓa da masu kura sun raba a tsakaninsu.

"Ka bi ta gefe mana, malam," in ji Abbas. "Rai ne a hannuna."

"Ta ina, yallaɓai?" mai keken ya ce. "Sai dai in ka ara mani fiffike."

Tsohon ya motsa. Idanunsa da suka daɗe da daina gani suka buɗe, suka tsaya a rufin keken.

"Ɗan Caina."

"Na'am, Baba."

"Ina za ka kai ni?"

"Asibiti. In sun ce Katsina, mu wuce Katsina."

"Mai da ni ɗakina. Na ƙi mutuwa a ƙasar mutane, shi ne za ka sa in mutu tsakanin tirela da tirela?" Ya ja numfashi da ƙyar, ya laluba ya kama hannun rigar Abbas. "Littafin na wurinka?"

Yana wurinsa. Tun safe yake aljihun gabansa, kafin ma matar Abbas, Ummusalma, ta kai koko maƙwabta ta tarar da tsohon a yashe a bakin rijiya. Abbas ya dubi layin motocin da ba shi da ƙarshe, ya dubi leɓen da suka fara sauya launi, ya ce wa mai keke ya juya ta lungun masu gero.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, amma sai da suka yi shekara suna gaisawa a masallaci kafin su san juna. Abbas ya yi zaman birnin Gwanzu na ƙasar Caina yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya, har harkar ta mutu ya dawo gida ya buɗe ɗan shagon kayan waya. Abin da ya dawo da shi daga can bai wuce akwatin littattafai da sunan tsokana ba. Malam Badaru kuwa karatun noma ya kai shi Malesiya yana saurayi, ya zauna yana koyarwa har furfura ta fito, sannan wata rana aka gan shi ya sauka a tasha shi kaɗai, ba mata ba ɗa. Mutanen unguwa suka tambaya, suka gaji, suka bar shi.

Ranar da tsohon ya zo shago, lokacin idanunsa sun fara dushewa, a ƙara masa girman rubutun wayarsa, hannunsa ya faɗa kan wani littafi a gefen kanta. Ya ɗaga ya kai hanci.

"Wanga littafi ya sha damina a wata ƙasa. Na wane ne?"

"Nawa ne, Baba. Wani marubucin Caina ne, aka juya shi zuwa Turanci."

"To, Allah ya ji ƙan mutanen ciki. Waɗannan ba su rufe littafi sai sun kashe uba da uwa da saniyar gida."

Abbas ya yi dariya irin wadda rabonsa da ita tun a can. "Ai gara su. Mutanenku na tsibirai shafi guda ruwan sama, na gaba ma ruwan sama. Mutum ya jiƙe yana karatu."

Daga ranar, bayan la'asar sai Abbas ya bar wa ƙanensa shago ya shiga zauren tsohon. Ya karanta da ƙarfi, tsohon ya tsayar da shi su yi gardama. Suka bi na Japan, suka bi na Indiya, suka bi na Koriya. Rabin hirar ma ba ta littafin ba ce. Ta yadda yaro ke shafa fatar baƙin mutum a jirgin ƙasa ya duba yatsansa ce, da yadda kwaɗayin daddawa ke tada mutum tsaye a tsakiyar kasuwar da babu wanda ya taɓa jin sunanta, da yadda in ka dawo gida kowa ke tambayar me ka kawo, babu mai tambayar me ka baro. A duk garin su biyu ne kawai in ɗaya ya fara irin wannan magana ɗayan ke iya ƙarasa ta.

Doka ɗaya tsohon ya kafa: ba a leƙa gaba. "Akushi ɗaya muke ci. Wanda ya sa hannu ya ɗebo naman ƙasa shi kaɗai, ɓarawo ne."

Littafin da ke aljihun Abbas shi ne na ƙarshe a kantar tsohon. A filin jirgi ya saye shi ranar da zai baro Malesiya, bai taɓa buɗe shi ba. Labarin wani kuku ne na jirgin ruwa da ya bar 'yarsa tana goye, ya yi ta yawon teku har ya tsufa, sannan ya kama hanyar garinsu. Sun biyo shi har ya sauka a gaɓa, har ya gane gidan, har ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Shafuka kaɗan suka rage.

A nan ne tsohon ya ce, cikin raha, "In mun gama wanga na sallame ka, ni ma a sallame ni."

Maganar ta zauna wa Abbas a ƙirji. Sai ya fara ƙirƙirar uzuri. Yau kaya sun iso daga Maraɗi, gobe murya ta dushe. In ya zo kuma, sai ya koma baya ya sake karanta inda suka wuce.

"Mun bi ta nan," tsohon ya ce masa jiya. "Makaho nake, ba kurma ba. Mutumin nan ya yi makonni hannunsa a sama, ko don tsufansa ka tausaya masa. Yau mu gama."

"Gobe, Baba. Gobe in Allah ya kai mu."

Ga goben ta zo.

Kafin su shigar da shi ɗaki labari ya zaga. Malamin asibitin da ke bayan layi ya zo ya auna, ya ja Abbas gefe ya ce a bar wahalar da shi. Ba a jima ba Alhaji Isah ya iso daga Daddara, ƙanen tsohon, mai fataucin hatsi, mutum mai jiki da murya. Ya zauna a gefen katifa, ya sa aka juya yayansa ya fuskanci gabas, ya ɗiga masa ruwa a baki da cokali. Maƙwabta suka jeru a jikin bango, kowa na motsa leɓe.

Alhaji Isah ya sunkuya ya fara maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Bai ce masa ya faɗa ba, ya dai ci gaba da faɗa, har leɓen tsohon suka bi shi. Aka ji ta sarai. Ɗakin ya sauke ajiyar zuciya. Alhaji Isah ya ɗaga tafin hannu, kowa ya gane: daga nan babu mai ƙara yi masa magana, don ita ce ake so ta zama ƙarshen abin da harshensa zai furta.

Sai tsohon ya juya kai.

"Ɗan Caina."

Abbas ya matso a kan gwiwoyinsa.

"Ta buɗe mashi?"

"Wa?" Alhaji Isah ya tambaya ƙasa-ƙasa. "Wace ce ta buɗe mi?"

Hannun Abbas ya riga ya shiga aljihu. Littafin ya fito rabi, da bangonsa mai hoton teku. Alhaji Isah ya gani, ya damƙe masa wuyan hannu.

"Kai Abbas, kana da hankali? Mutum na gargara za ka yi mashi tatsuniya?"

"Shafi biyu ne, Alhaji. Abin da yake jira ke nan."

"Abin da yake jira ya fi ƙarfin shafi biyu. In ya cika yana zancen wata mata ta cikin takarda, kai za ka amsa mashi tambaya a kabari? Mai da abin nan. Kai yake ji, kai za ka laƙƙana mashi."

Abbas ya dubi fuskokin da ke jikin bango. Babu mugu a cikinsu, kuma ya san da mahaifinsa ne a kwance, abin da shi ma zai ce ke nan. Ya so ya ce ta buɗe kawai a wuce wurin, amma bai sani ba, bai taɓa leƙawa ba, kuma bakinsa ya ƙi ɗaukar ƙarya ya kai kunnen mai barin duniya. Ya sunkuya, ya faɗi kalmar. Tsohon ya karkato kunne kamar mai jiran wata amsar. Abbas ya sake faɗa. A karo na gaba tsohon ya bi shi, a hankali, har ƙarshe.

Tafin hannun Alhaji Isah ya sake tashi.

Abbas ya fice zuwa zaure kamar mai neman iska. A tsaye ya buɗe littafin, ya karya dokar akushi. Kukun ya ƙwanƙwasa. Aka daɗe. Wata mata mai furfura a goshi ta buɗe, ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta tambaye shi ko wane ne ba, ta ce ya shigo daga ruwan nan kafin shinkafa ta huce.

Ya koma ɗaki da sauri. Tsohon na nan da rai, ƙirjin na hawa da sauka, fuskar na kallon inda ƙofa take. Abbas ya durƙusa. Kalma biyu ce kacal a bakinsa, amma ya san halin mutuminsa: in ya ji, sai ya tanka, sai ya ce wani abu, ko da tsokana ce, kuma mai yiwuwa numfashin da zai sake maimaita shahada da shi ba zai samu ba. Alhaji Isah na kallonsa.

Ya kama hannun tsohon ya matse. Ya sassauta, ya sake matsewa. Ba su taɓa shirya abin da matse hannu ke nufi ba. Zai iya zama ta buɗe, zai iya zama yi haƙuri. Yatsun tsohon suka ɗan motsa a cikin nasa, suna lalube, kamar yadda suke yi in yana neman kofin shayi a tabarma. Ana kiran azahar suka daina.

Bayan la'asar aka kai shi. A hanyar dawowa daga maƙabarta kowa maganarsa ɗaya, an yi kyakkyawan ƙarshe, ya cika da kalma a bakinsa. Alhaji Isah ya dafa kafaɗar Abbas a gaban jama'a ya ce, "Wanga yaro ya yi wa Yaya abin da ɗa ke yi wa uba." Abbas ya amsa da amin. Ya san gaskiya ne. Ya kuma san tun makonnin baya yake da la'asar a hannunsa, da shayi, da tsoho mai lafiyar yin gardama, ya riƙa cewa gobe.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Alhaji Isah ya riga ya sa kwaɗo a ɗakin mamacin, mabuɗin na aljihunsa, yana gaya wa masu gaisuwa cewa tun da Yaya bai bar mata ba bai bar ɗa ba, gidan zai gyara ya mai da shi wurin ajiyar hatsi. Littattafan kuma duk mai so ya kwasa kafin masu ƙosai su ji labari.

Ana cikin rabon waina wata tasi ta Katsina ta tsaya a bakin layi. Wata mata ta fito da ƙaramar jaka mai taya. Ɗaurin mayafinta ba irin na nan ba ne, fatarta kuma tsakanin tamu da ta wasu. Ta dubi tabarmin, ta dubi mutanen, ta yi sallama da Larabci mai wani irin karkace, sannan ta ci gaba da Turanci.

"Mi take cewa?" in ji Alhaji Isah. "Kai ɗan Caina, zo ka ji mana."

Abbas ya miƙe. Matar ta juyo gare shi, ta ɗora hannu a ƙirji.

"Ilham," ta ce. "Ilham binti Badaruddeen."

Wannan bai buƙaci tafinta ba. Wainar da ke hannun Alhaji Isah ta tsaya a hanyar baki, ɗayan hannun ya sauka a kan aljihunsa.

Ba ta jira an yi mata iso ba. Ta ja jakarta ta ratsa zaure, Abbas na biye da ita yana neman kalmar da zai fara gaya mata rasuwar da ita a kowane harshe, har ta kai tsakar gida. Matan da ke zaune suka ɗago. Ta tsaya a gaban ɗakin da ke kulle, ta gyara mayafinta, ta ƙwanƙwasa a hankali, ta saurara.