Zumar Juma'a

"Inna, mi ya sa tururuwa ke taruwa inda Dada ta yi fitsari?"

Hassana ta yi tambayar ne a tsakar gida, a gaban matan da suka zo sayen zare. Kunya ta rufe Sa'adiya, ta daka wa ɗiyar tata tsawa. Dada kuwa dariya ta yi, ta ce ai bakin ubanta Sodangi ta gado. Amma da mata suka watse, Sa'adiya ta zagaya bayan ɗaki ta duba. Ga su nan, baƙi ƙirin.

Dada mahaifiyarta ce, kuma duk Rawayau babu mai kaɗi irin nata, har masaƙan Kurfi zarenta suke jira. Ta fi shekara goma sha biyu tana fama da ƙishirwa da rama da kasala. A wannan shekarar kuma zare ya fara tsinke mata, tana lalubar mazari alhali yana gabanta. Ta ce wani abu kamar toka ke yawo a idonta. Mai cire yanar ido ya zo ya gwale idon, ya ce tas yake, ba yana, ba ja, ba kwantsa, sai dai a ƙara mata zuma don jiki ya yi ƙarfi.

Zumar kuwa Sa'adiya ce mai kawowa. Tun da ta yi aure, duk Juma'a sai ta zo da ita daga amyar Sodangi, ta dama wa uwarta fura da hannunta. Unguwa kaf ana kwatance da ita.

Tururuwar nan ta hana ta sukuni. Ranar kasuwa ta goya jaririnta, ta ɗora Dada a motar gyaɗa, suka sha jijjiga har Dutsin-Ma. Sai bayan azahar layi ya zo kansu. Malamin asibiti ya zuba fitsarin a wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa, ya kara a wuta, ruwan ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya tambayi shekarun ciwon, da ya ji sai ya ajiye alƙalami. Ya ce ciwon sukari ne, kuma ta baya yake cin ido, inda ba a gani, ba ya zafi. Cikin waɗanda suka daɗe da shi haka, fiye da rabi ido ya taɓu. Daɗewa ke jawo shi, zaƙi da hawan jini su ƙara masa gudu. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu ne za a yi ta lallaɓawa. Ya ce ita ma Sa'adiya ta kula, yana bin dangi.

"Malam, zuma fa?" ta tambaya a hankali.

"Wa ke ba ta zuma?"

Sa'adiya ta gyara goyonta.

Ranar Juma'a Sa'adiya ta zo ba zuma. Ta dama fura gaya, 'yar kaɗan, ta ɗauke mazarƙwailar da ke cikin faifai. Dada ta kurɓa, ta ture ƙwaryar.

"Ɗiyata, mi na yi miki?"

Sa'adiya ta yi bayani, washegari ta sake yi, har ta gaji da yi. Maƙwabta suka ce mijinta ya koya mata rowa. Wasu na kawo zumar a ɓoye saboda tausayi, ita kuma tana binciko ta ƙarƙashin gado tana mayar musu, suna fushi. Damina uku ke nan, Dada na ganin farin auduga da idon hagu, tana kaɗa zare mai kauri na gwado. Siririn kam ya wuce. Har yau ba ta daina cewa furar ba ta da daɗi ba.

Kai mai karatu, in akwai mai wannan ciwon a gidanku, kada hasken ƙwayar idonsa ya ruɗe ka, kada ka jira ya ce yana ciwo. Kai shi a duba tun yana gane fuskarka, kuma ka lura da abin da kake zuba masa a ƙwarya da sunan ƙauna.