Kada Ki Ɗaga Hannu

Kwana tara da rasuwar Baba Tsoho, Maman Auta ta rufe shagon ɗinkinta da hantsi, ta nufi makarantar 'yarta tana huci. Duk wanda ya gaishe ta a hanya, iska ce ta amsa masa.

Baba Tsoho mahaifinta ne. Kullum a bencin shagon yake wuni, yana sa mata maɓallai a riguna yana kushe ɗinkin zamani. Ran nan yana cikin magana ya dafe ƙirji ya zame ƙasa. Kafin Maman Auta ta ture keken ɗinki ta fito, Auta, 'yar shekara sha huɗu, ta riga ta durƙusa a kansa. Ta ce wa mai shagon kusa ya kira motar asibiti, ta ɗora hannu biyu a ƙirjin kakanta tana dannawa kamar mai cuɗa wanki. Sai wani abu ya ce ƙas! Kowa a wurin ya ji. Maman Auta ta fizge yarinyar, ta kwaɗa mata mari. Da motar ta iso, sai gawa aka ɗauka.

Tun daga ranar ba ta iya kallon hannun Auta. Yarinyar ta miƙo mata ruwa, sai ta ce ajiye nan. Abin yana cin ta, don 'yarta ce, ita ta haife ta. Dole dai a sami mai laifi, kuma gara a same shi a waje.

Ɗakin koyon agajin gaggawa yana ƙarshen baranda. An rataye wasu manyan tabarau baƙaƙe a ƙusoshin bango, irin waɗanda in ka sa su sai ka gan ka a wani wuri daban. A ƙasa kuma ga katifu, kowace da ƙirjin mutum na roba. Malamar lafiya, wata 'yar siririyar dattijuwa, tana goge tabarau da auduga.

"Ke ce mai koya wa 'ya'yan mutane kisa?"

"Sannu da zuwa, Maman Auta. Ya ƙarin haƙuri?"

"Riƙe gaisuwarki! Na kawo muku yarinya ta yi karatu, kun ɗaure mata akwati a fuska, kun sa ta wasan kwamfuta, kun ce ta zama likita. Ta karya wa ubana ƙashi a gabana, Malama! Tsoho da ko jaka ba ya iya ɗagawa!"

Malamar ta ajiye audugar. Ta miƙo mata tabarau ɗaya.

"Ni sa'ar wasanki ce?"

"Ki sa, ki ga abin da na koya mata. In kin gama, ni da kaina zan raka ki ofishin shugaba ki kai ƙarata."

Maman Auta ta fizge shi ta sa, don ta sami abin da za ta faɗa a ofis. Nan take ɗakin ya ɓace. Ga ta a tashar mota, ga wani mutum mai shuɗiyar riga kwance ba ya numfashi. Malamar ta durƙusar da ita, ta ɗora mata hannu a ƙirjin roba. Wata murya a kunnenta ta fara ƙirga. Ta danna. Muryar ta ce bai isa ba, ta ƙara ƙarfi. To, ƙarfi kam da shi ta zo. Ta zuba wa robar nan haushin kwana tara.

Ƙas!

Ta janye hannu kamar ta taɓa dutsen guga.

"Kada ki ɗaga hannu," in ji muryar. "Haƙarƙari yana warkewa. Zuciyar da ta tsaya ba ta jira."

Sai ga wata mata ta ratso taron da gudu, hannu a ka, tana ihu: "Ki bar shi! Za ki kashe shi!"

"'Yan'uwa za su yi ihu," in ji muryar. "Tsoro ne. Ci gaba har motar asibiti ta iso."

Maman Auta ta tuge tabarau ɗin ta yar a katifa. Gumi ya jiƙa mata wuya.

"Ƙarya ne. Don ni kuka shirya wannan."

"Tun farkon zango matar nan take ciki." Yanzu malamar ma ta ɗaga murya don fushi. "Shekara ashirin na yi a asibiti ina karɓar waɗanda aka tsaya a kansu ana salati da fifita, babu mai taɓawa. Ɗalibai arba'in na koya wa bana, ɗaya ce tal ta gwada a gaske. Kuma daidai ta yi!"

"Da na bar ta, da bai mutu ba ke nan?"

"Ban sani ba. Allah kaɗai ya sani. Auta ta roƙe ni kada in faɗa miki haka, na kuma yi shiru. Amma ba zan bari ki shigo har nan ki kira ta mai kisa ba."

Auta na tsaye a bakin ƙofa da littafi a hannu. Labarin ihun uwarta ya riga ya zaga azuzuwa.

Maman Auta ta juyo kanta, don faɗa shi ne abin da ta iya. "Ke kuma munafuka, bakinki ciwo yake? Me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa, Mama. Na ce ki bar ni. Sau uku na faɗa."

"Bayan nan fa? Kwana tara muna gida ɗaya!"

Auta ta ɗago. Karon farko ke nan da suka haɗa ido tun ranar.

"Babanki ne fa, Mama," ta ce. "In na faɗa miki, ina za ki sa kanki?"